Tsundum, Dabbar da Na Ajiye a Ƙarƙashin Randa a Jidda

Kun ga hoton da na aiko gida: farar jallabiya, littafi a hammata, baki har kunne. To kar hoton nan ya ruɗe ku. Eh, ni ɗalibi ne yanzu, katina na aljihu, kuma har yau in na shafa na ji shi sai in ji kamar in cashe a tsakiyar titi. Amma kafin a zo nan na ci kwakwa, na ga tasku, jikina ya gaya mini. Kuma abin da ya kusa sa a tattara ni a jefa a jirgi ba sata ba ce, ba faɗa ba ne. Wata dabba ce da na ƙera da bakina don in sa wata yarinya magana.

Zangon farko bakin teku ne. A jirgin da ya kwaso mu daga Bur Sudan an cusa mu kamar kifi a kwando. Ni Arzika, ɗan Yawuri, ɗan masunta, wanda ya iya iyo kafin ya iya gudu, na shiga da fankama ina ce wa mutane ruwa ai gidanmu ne. Teku ta ji ni. Tun kafin gari ya ɓace mana na fara amai, ban daina ba sai da muka hango fararen gidajen Jidda. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ce ta riƙa riƙe mini kai tana cewa, "Sannu ɗan ruwa, sannu." Da muka sauka kuma zafi ya rufe ni kamar an jiƙa bargo da tafasasshen ruwa an lulluɓa mini.

Na yi aikin Hajji tare da ayarinmu. Da aka gama kowa ya ɗaure kayansa ya nufi gida, ni na maƙale, don dama karatu ya kawo ni. Sai a lokacin aka karanta mini dokar gari. Makaranta ba ta ɗaukarka sai da iƙama, takardar zama ke nan. Iƙama ba ta samuwa sai da kafili, ɗan ƙasa wanda zai tsaya maka, ya ce in ka yi ɓarna a kama shi. Maganar kafili kuma ba ta zama magana sai umda, mai unguwarsu, ya buga hatiminsa. In babu waɗannan, duk ranar da ɗan sanda ya yafito ka, sai jirgi. Ni kuwa babana kwalekwalensa ya sayar don tafiyar nan. In na koma masa hannu biyu, da wane ido zan dube shi?

Zango na biyu unguwar Sharafiyya, a nan cikin Jidda. Nan na haɗu da wani gaye mai tabarau da ƙamshin turare, Hausarsa tsaf, ya ce a kira shi Ustaz. Ya ce shugaban makarantar da nake nema abokinsa ne, tare suke shan shayi. Ya kai ni wani gidan gahawa, ya ce ba a zuwa gaban manya da ƙurar hanya, in je bayan gida in wanke fuska, shi zai riƙe mini akwati. Na wanke fuska fes. Ina fitowa na tarar Ustaz ya cika wandonsa da iska, shi da akwatin, da riguna, da littattafai, da ƙullin busasshen kifin da innata ta sa mini. Fasfo kawai ya tsira, don a cikin wandona aka ɗinke shi. Mai gahawa ya dube ni ya girgiza kai, ya nuna mini wani gadon igiya a waje ya ce in kwana.

Daga nan na shiga ga-ruwa. Garwa biyu a sanda, daga famfon unguwa zuwa gidaje, wani lokacin har saman bene. Kafaɗata ta saɓule, ta warke, ta sake saɓulewa. Akwai wani Bayamane mai gasa burodi da kullum in na wuce da safe zai yago mini rabi mai zafi ya ce, "Kul, ya Takruni," wato in ci. Takruni suke ce wa duk irinmu. Ban taɓa sanin sunansa ba, shi ma bai nemi nawa ba.

Amma ba nauyin garwa ya fi cina ba. Shirun garin ne ta wani ɓangare. Hayaniyar mutane da motoci kam akwai. Kwaɗo ne babu. Ni da na tashi da kukan kwaɗi da nishin dorina daga tsakiyar kogi, na zo garin da dabbobinsa uku ne: hankaka, kyanwa, da akuya mai cin takardar siminti. In na kwanta sai in riƙa lissafa namun gida a raina, damo, guza, kurege, bushiya, kamar mai kiran sunayen 'yan'uwansa.

Zango na uku Kurayyat, kuma nan labarin yake. Wata rana na yi tuntuɓe a wani lungu, garwa ɗaya ta kife, na ɗura wa dutsen ashar da Hausa. Sai na ji an ce daga bayana, "Ya walad, dutsen ma uwa gare shi?" Wani ƙaƙƙarfan mutum ne baƙi, da zane a kugu irin na mutanen nan, yana fifita wuta. Ammi Bakur ke nan, wato Baffa Bakur, mai tsire. A Jidda aka haife shi, yana da takardar ɗan ƙasa, Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci. Mahaifiyarsa, Hajja Kande, ita ce ta zo a ƙafa daga ƙasar Hausa tun tana yarinya, ita da iyayenta, shekaru suna tafe suna noma a hanya. Ya tambayi labarina, na zayyane masa. Ya ce, "Tayyib. Ka kwana a zaurena, ka soke mini nama a tsinke. In na ga halinka, ni zan zama kafilinka. In ban gani ba, halas."

Zauren nan ƙarami ne, ƙofarsa na kallon lungu. A kusurwa akwai wata ƙatuwar randa a kan mazaunin katako, su zir suke ce mata. Tana zufa tana ɗiga cikin wani ɗan kasko a ƙasa, ɗis, ɗis. Duk gidan nan ne kaɗai ke da sanyi. Shi ya sa kullum da safe Hajja za ta goyo jikarta Nuriyya ta ajiye ta a tabarma kusa da randar. Nuriyya 'yar Ammi Bakur ce, ba ta wuce shekara bakwai ba, shan inna ya cinye mata ƙafafu biyu. Tana jin Hausa sarai, amma in ta amsa da Larabci take amsawa, kuma ni ko Larabcin ba ta ba ni. Sai dai ta zura wa lungu ido tana kallon yara na guje-guje. Ni a gefe ina soke nama, ita a gefe, ɗigon ruwa a tsakaninmu.

Ran nan ta miƙa hannu za ta taɓa kaskon. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba, sai na ce, "Yi a hankali, kar ki tashe shi."

Ta janye hannu. Can ta ce, "Min?" Wato wa?

"Wanda ke barci a ƙarƙashin nan mana. Tun daga Yawuri ya biyo ni."

Ta leƙa. Ta dube ni kamar ta kama ɓarawo. "Ma fi shai." Wai babu komai.

"Ai ba ya bari a gan shi. Jinin ayu ne."

To fa. Sai da na faɗa mata mene ne ayu: naman ruwa ne na koginmu, santsi kamar an shafa masa mai, yana shayar da ɗansa a ƙirji kamar mace, masunta suna shekara ba su sa shi a ido ba. Na ce amma wannan ƙarami ne, bai fi dunƙulen hannunta ba. Na ba shi idon hawainiya, ɗaya na kallon Makka ɗaya na kallon tukunya. Na ba shi wutsiyar damo. Na ce daga 'yan ruwa, masu zama a ƙasan kogi suna jan ƙafar yara marasa jin magana, ya gaji ɓacewa, amma shi ba ya jan kowa. Daga Dodo kuma minshari kawai ya ɗauko. Da na zo kan ƙayar bushiya sai ta ɗaga hannu.

"La'. Babu ƙaya."

Hausar farko da ta yi mini ke nan. Na ce to an cire ƙaya.

Hajja Kande na daga ciki tana jin mu. Ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, ka taɓa ganin ayu kuwa, ko ƙaryar masunta ce ka kwaso ka kawo mana Hijaz?"

"Hajja, babana ya gani."

"Babanka ya ce ya gani. To ku sa masa wayon kurege, in ba haka ba kyanwoyin lungun nan za su cinye shi."

Suna kuma daga ɗigon ruwan ya fito. Na ce Tsundum, ita bakinta ya ce Sundum. Daga ranar zaure ya canza. Kullum da safe za ta tambaya ko ya yi minshari. In Ammi Bakur ya wuce da sauri sai ta ce ya taka a hankali. Ta fara jera Hausa don dole, saboda na ce mata Tsundum ba ya jin Larabci, baƙo ne kamar ni, shi ma ba shi da iƙama. Ta yi dariya har da tari. Ni ma fa ba don ita kaɗai nake yi ba. Duk abin da na yi kewa sai in tura shi ƙarƙashin randar nan: ya taɓa hawa bayan dorina, ya yi faɗa da guza a kan ƙwai, yana tsoron tsawa. Kogin Yawuri gaba ɗaya na cusa a ɗan kaskon nan, kaɗan-kaɗan. A tsakanin nan Ammi Bakur ya ga hali, ya cika alkawari, ya kai maganata wurin umda. Hatimi kawai muke jira.

Sai Nuriyya ta yi tambayar da ta ja mana. "Me yake ci?"

Kafin in buɗe baki, Hajja ta riga ni. Ta ce a garinsu, tun tana ƙarama, gidan kakanta akwai kan gida, wani damo da ke zaune a ƙarƙashin rumbu, ba a kora ba a duka, kuma da almuru tsohuwar gidan kan ajiye masa madara a ƙoƙo. "Jahilcin da ne, Allah ya yafe musu," in ji ta. "Amma dai irin waɗannan madara aka san su da ita."

Shi ke nan. Da magariba ta gabato sai Nuriyya ta sa a zuba mata madara a finjali, ta tura ƙarƙashin randa. Ni kuma gwanin iya yi, sai na ƙara da kirarin da babana ke yi in ya fita farautar ruwa, ina ƙwanƙwasa cikin randa da yatsa ina rerawa ƙasa-ƙasa. Daidai lokacin ne kuma Hajja ke turara randa da ɗan ƙaro, kamar yadda kowane gida ke yi a nan don ruwa ya yi ƙamshi. Da safe finjali wayam. Ni nake shanyewa da asuba, ba sai na rantse ba, ga yunwa ga madara.

Mu a wurinmu wasan yara ne, irin wanda a gida ko kallo ba zai ja ba. Ko sau ɗaya ban tsaya na duba yadda abin yake daga waje ba: baƙin mutum baƙo, a tsugune da almuru, hayaƙi na tashi, madara a ƙasa, yana ƙwanƙwasa randa yana kiran wani abu da yaren da ba a sani ba. Ƙofar zaure kuma a buɗe.

Gidan da ke kallonmu na Abu Salim ne, mai ɗan kanti, kuma jaririnsa na fama da zazzaɓin da ya ƙi sauka. Matarsa na zaune bayan tagar katako dare da rana da yaron a cinya, lungu kawai take kallo.

Da farko ban lura ba. Sai na ga tsire na kwana. Sai na ga mata na fizge 'ya'yansu in sun zo wucewa ta ƙofarmu. Wani yaro ya tofa yawu ya ruga. Ranar da abin ya fashe, Ammi Bakur ya dawo daga sallar azahar ko takalmi bai cire ba, ya ja ni waje.

"Ya Arzika, esh sawwait? Me ka yi mini?"

"Ammi, me na yi?"

"An ce muna ciyar da aljani a zaure. An ce mu muka jefi ɗan Abu Salim." Ya share zufa da gefen zanensa. "Kai baƙo ne, ba ka sani ba. Mu an haife mu a nan, amma in akuya ta yi ɓari Takruni ake kallo. Kalmar sihir a garin nan ba a wasa da ita. Kai in ka yi sa'a jirgi ne. Ni kuma wa zai sake cin naman hannuna?"

"Wallahi wasa ne. Ni nake shan madarar."

"Ka gaya wa umda. Bayan la'asar zai zo. Takardarka ma tana hannunsa."

Ban iya soke ko tsinke ɗaya ba har la'asar.

Umda tsoho ne mai sanda, da gani ya gaji da rigimar unguwa. Aka shimfiɗa masa a dakalin ƙofar gida, aka kawo shayi bai taɓa ba. Maza suka cika lungu, mata a tagogi. Abu Salim ya tsaya a gefe. Na so in tsane shi, ban iya ba. Idonsa ja wur don rashin barci, rigarsa a yamutse.

Ya ce, "Ya umda, ni ban zo da sharri ba. Ɗana yana ƙonewa tun da suka fara abin nan. Matata ta gani da idonta. Ana ajiye madara, da safe babu."

Umda ya juyo gare ni. Na harhaɗa ɗan Larabcina na garwa na yi bayani: yarinya ba ta fita, na ƙirƙiro mata dabba, madara ni nake sha. Wasu suka yi dariya. Abu Salim bai yi ba.

"Duk haka suke cewa," in ji shi.

Umda ya sa aka ɗaga randa. Babu komai sai danshi da wani kyankyaso da ya ruga.

"Aljani dama ana ganinsa?" in ji wani daga baya.

Umda ya ce, "A kawo yarinyar."

Hajja ta goyo ta, ta zaunar da ita a tabarma gaban tsohon. Ya sassauta murya. "Ya binti, akwai wani abu a ƙarƙashin zir ɗin nan?"

"Aiwa," in ji Nuriyya. "Sundum."

Ta gyara zama ta shiga zuba da Larabcinta mai kyau, har da alfahari: yana ɓacewa, yana da ido biyu kowanne da inda yake kallo, danginsa a ƙasan ruwa suke suna jan ƙafar yara, kuma ba ya jin Larabci sai yaren Ammu Arzika. Duk kalmar da ta faɗa sai in ji kamar ana ƙara mini taku ɗaya zuwa tashar jirgi. Lungu ya ɗauki guna-guni. Ammi Bakur ya runtse ido.

Umda ya buga sandarsa a ƙasa, aka yi tsit. Ya nuna ni. "Kai ka sa mata shi a kai. In wasa ne, cire shi. Gaya mata yanzu, da Larabci, kowa ya ji, kuma ka rantse."

Na tsuguna a gabanta. Tun da na baro gida ban ɗauki kaya mai nauyin maganar nan ba, har da garwa. Na ce, "Ya Nuriyya, wallahil azim babu Tsundum. Ba a taɓa yin sa ba. Ni na ƙaga shi. Madarar ma ni nake sha."

Na jira kuka. Ba ta yi ba. Ta dube ni kamar ni ne yaron, sannan ta amsa da Hausa, a hankali, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Na sani. Kyanwata ta gaske ce, Abuya ya sa ta a buhu ya kai ta bakin teku. Sundum babu shi. Ba mai iya sa shi a buhu."

Ban ma san an taɓa yin kyanwa a gidan ba. Daga baya Hajja ta ce mini naman sayarwa take sata, shi ya sa Ammi Bakur ya jefar da ita.

Umda ya ce, "Me ta ce?"

Hajja Kande ce ta fassara, da ƙarfi, tana kallon ɗanta. Ammi Bakur ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Abu Salim ya kawar da fuska.

Tsohon ya daɗe yana juya sandarsa. Sannan ya ce babu sihir a nan, wauta ce kawai ta baƙo da tsohuwa. Amma unguwa unguwa ce, kuma mai ɗa a kwance ba a ce masa ya yi haƙuri a wuce. Don haka madara ta tsaya, randar a fasa ta kowa ya gani, baƙo kuma ya bar lungun. Sai ya juya ga Ammi Bakur.

"Takardarsa tana wurina. Bayan duk wannan, har yanzu kana tsaya masa?"

Ammi Bakur ya dubi tiren tsirensa da ya kwana, ya dubi tagogin maƙwabta, ya dubi 'yarsa. Ni dai na riga na fara jin warin jirgi a hancina.

"Ina tsaya masa," in ji shi. "Wawa ne, amma ba mugu ba ne."

"Tayyib. Gobe ka zo ka karɓa."

Ammi Bakur da hannunsa ya fasa randar, da taɓarya, a tsakiyar lungu. Ruwan ya bi ƙasa, ƙasa ta shanye kafin mutane su watse. Washegari aka kawo durom na ƙarfe aka ajiye a kusurwar. Durom ba ya zufa. Zauren ya koma kamar tanda. Ɗan Abu Salim ya samu sauƙi daga baya, bayan an kai shi asibiti, amma a lungun an ce don an kori Takruni ne. Ban yi musu da kowa ba, ƙarfin musu ya ƙare mini.

Zango na ƙarshe Aziziyya, inda wani ɗan'uwan Ammi Bakur ke da rumfar tsire kusa da makarantar, aka ce in je in riƙa kwana a can. Ranar tafiya kayana ƙulli ɗaya ne. Hajja ta tura mini dabino a ciki tana faɗa, wai kar in sake in buɗe bakina a Aziziyya sai in karatu zan yi. Nuriyya na zaune a wurinta na kullum, kusa da durom, gumi na bin wuyanta. Tun ranar umda ba ta ce mini komai ba, ni ma kunya ta hana ni. Na durƙusa na ce mata na tafi.

"Ammu Arzika, buɗe aljihu."

Ta zaro wani ɗan tsumma daga ƙarƙashin tabarma, ta tsoma shi a kofin ruwanta, ta naɗe shi da hannu biyu kamar mai naɗe ɗan tsako, ta saka mini a aljihun gaba.

"Nan ya bushe, zai mutu. Ka tafi da shi. Kar ka ba shi madara, za su gani. Ruwa kawai."

Na ce to.

"Kuma kar ka yi masa waƙa da ƙarfi."

Na ce to.

Na shiga bayan wata a-kori-kura da ke ɗaukar mutane zuwa cikin gari, takarda mai hatimi a hannun dama na riƙe ta sama don kar ta jiƙe. Rana ta take, iska kamar daga bakin murhu. Muna cikin tafiya na ji tsumman ya fara bushewa. Ina da ɗan ruwa a kwalba wanda na tanada don maƙogwarona. Na duba hagu na duba dama, na karkata na tsiyaya shi a aljihu. Wani dattijo Bahaushen Sudan da ke zaune kusa da ni, da kwandon kaji a cinya, ya bi rigata da kallo, ruwa na ɗiga har cikina.

"Ɗan'uwa, lafiya? Aljihunka na zuba."

Na dafe wurin da tafin hannu.

"Zufa ce, Baba," na ce masa. "Garin nan akwai zafi."